Kaciyar Ilu

Kan farko da na aske ba na mutum ba ne, duma ne. Babana ya shafa masa toka da ruwa, ya bari ta bushe, ya miƙo mini aska ya ce in kankare tokar ba tare da na yi wa duman rauni ba. In ya duba ya ga zane ko guda, sai ya sake shafa toka ya koma kan aikinsa. Na yi damina guda ina aske duma, har yaran unguwarmu a Madarumfa suka sa mini suna wanzamin ƙwarya. Da ya ga hannuna ya fara kwanciya, sai ya ba ni kan wani tsoho mai sanƙo, wanda ba abin askewa a kansa sai 'yar furfura a ƙeya. Ko a nan ma sai da na ɗan tsaga wa bawan Allah kunne.

Ina gaya muku wannan ne don na ga yadda kuke yi yanzu. Yaro ya sayi injin aski, ya kafa madubi da kujera, ya zagaya kan mutum kamar mai sharar tsakar gida, shi ke nan wai ya zama wanzami. Ɗayanku ma ran nan yana dariya ya ce mini ai aikin Baba ba wuya, gashi ne kawai. To, ku ji da kyau, gashi shi ne mafi ƙanƙantar abin da muke taɓawa.

Zabirar babana ta jar fatar akuya ce, aljihu bisa aljihu, kowane ƙarfe da mazauninsa. Askar aski mai faɗi ce. Ta tsaga 'yar siririya ce, ta cire beli kuma bakinta a lanƙwashe. Akwai ƙahonin shanu na yin ƙaho, da ɗan kakin zuma na toshe bakinsu bayan an zuƙe iska. Akwai dutsen washi, da fatar da ake goga aska a kai, da garin bagaruwa a ƙaramin gora don tsayar da jini. Askar kaciya kuwa a naɗe take cikin tsumma, ba ta haɗuwa da sauran. Ba a aski da ita, ba a ba yaro ya riƙe, ba a fito da ita sai lokacinta ya yi.

A wancan zamanin kowane wanzami da gidajensa, gadonsu yake yi kamar gona. Namu sun kama daga bakin tafki har ƙauyukan Gabi, gidajen Musulmi da na Arna duka. Ranar suna kai ne za ka aske jariri, ka cire masa beli, ka yi masa tsagar gidan ubansa, a ba ka rabonka na ragon suna. Da kaka a aiko maka da damin gero. Kai kake shiga inda wani namiji ba ya shiga. Kana ganin tsohuwar da ake ɓoyewa don hankalinta ya juya, kana ganin bayan maigida da tabon bulala, kana ganin tukunyar da ba a ɗora ba tun jiya. Saboda haka abin da babana ya fi dagewa a kai ba washi ba ne, baki ne. Ya ce abin da ka gani a gidan mutane, a zauren gidan za ka ajiye shi kafin ka sa takalmi. Wanzamin da ya ɗauki maganar wani gida ya kai wani, ranar ya gama sana'a, ko da hannunsa ya fi na kowa.

Wani aski da na yi ina saurayi, a wani ƙauye bayan Gabi, shi ne tushen labarin nan. Mun gama da mazan gidan, sai uwar gida ta ce akwai saura ɗaya a ciki. Babana ya tura ni. Na shiga ɗaki na tarar da wani yaro, zai yi sa'ana ko ya ɗan gaza, kwance a kan tabarma. Fuskarsa garau, maganarsa garau, har ya tsokane ni ya ce in yi a hankali, ya ji labarin kunnen tsoho. Amma hannuwansa sun zama kamar kara, ƙafafun sun lanƙwashe, ko kansa ba ya iya ɗagawa sai ƙanwarsa ta tallafe. Ita ce ta riƙe mini kan har na gama, wata 'yar yarinya mai suna Dije. Uwar tana tsaye a bakin ƙofa ta ce da ƙafarsa yake kiwon awaki a da. Sai naman bayan ƙwaurinsa ya kumbura ya yi tauri, ya koma tafiya da yatsu, yana faɗuwa ba dalili, wata rana ya zauna bai sake tashi ba. Ko kaciya ba a kai ga yi masa ba. A hanyar gida na buɗe baki zan yi maganar, babana ya dube ni, na haɗiye ta.

Shekaru suka wuce, babana ya rasu, zabira ta dawo hannuna. Cikin gidajen da na gada akwai na wani manomi mai suna Nomau, a wani ɗan ƙauye a ƙetaren tafki. Mutum ne mara yawan magana, yana salla, amma ubansa, tsohon gidan, yana nan kan tsafinsu na gado. Matar Nomau ita ce Dijen nan. Na gane ta, ta gane ni, muka gaisa kamar ba mu taɓa haɗuwa ba. Ta haifa masa mata biyu da maza biyu, Habu babba, Ilu ƙarami. Duk ni na aske su ranar suna, ni na yi musu tsaga.

Ƙahon da na yi wa Habu ina tuna shi sarai. Nomau ya kawo shi ya ce yaron yana yawan faɗuwa, ga sha-raɓarsa ta yi ɓul-ɓul kamar ta ɗan kokawa amma ba ƙarfi. Na taɓa na ji tauri. Duk wanzamin da ya taɓa nama irin wannan abu ɗaya zai ce, mataccen jini. Na kafa ƙaho, na zuƙe, na toshe da kaki, na cire na tsattsaga, na mayar. Jinin da ya fito ja ne wur, lafiyayye, ba baƙi ko kaɗan. Na yi mamaki, amma ban kawo komai a raina ba. Yara nawa ne suke faɗuwa? Yaron Gabi kuwa a kwance na gan shi, ban ga tafiyarsa ba, kuma shekarun da ke tsakani sun yi yawa.

Yanzu bari in gaya muku yadda kaciya take a wancan lokaci, ku da kuka san a kai jariri wurin likita a dawo da shi kafin tuwo ya nuna. Ba a yin ta sai yaro ya yi wayo, ya kai kiwo. Ba a yin ta sai bayan an kai amfanin gona gida, ɗari ya sauka, don a sanyi rauni ba ya ruɓewa, ƙuda kuma ba ya damunsa. Kuma ba a yi wa yaro shi kaɗai. A tara sa'anni na ƙauye gaba ɗaya, a gina rami, wani ƙaƙƙarfa ya riƙe yaro ta baya, kafin ya gama buɗe baki an gama. A barbaɗa bagaruwa. Daga nan sai kwanciya a rumfar zana, a kan yashi mai laushi, a ɗaure wa kowa kara tsakanin gwiwoyi don kada ya haɗe ƙafa. Ba yawo, ba wasa, sai ci. Kaji, fura, tuwo da man shanu, abin da yaro bai taɓa gani a ƙwaryarsa ba. Ni kuma ina zagayowa ina wanke musu da ruwan ɗumi har su warke. Ranar fita a yi musu wanka da aski, a sa musu sabuwar riga. Daga ranar yaro ya bar cin abinci da mata, ya shiga sahun maza. Wanda bai shiga rumfar nan ba, ko gemu ya fito masa, yaro ne a idon mutane, kuma sa'anninsa ba za su bar shi ya manta ba.

Habu da ƙafarsa ya shiga rumfa, yana ɗingishinsa na yatsu. Aikinsa ya yi kyau, ya ma riga wasu warkewa. Ranar fita na kwance wa kowa kara, yara suka miƙe suna tafiya a tattale, ana dariya. Habu ya dafa ƙasa, ya ɗaga ƙugu, ya dafa gwiwa, ya koma ya zauna. Ya sake, ya koma. Na ce kwanciya ce ta sa ƙafar ta yi sanyi, zuwa gobe za ta saki. Ubansa ya ɗauke shi a kafaɗa ya kai shi gida da sabuwar rigarsa. Gobe ta zo ta wuce, wata ya wuce, Habu bai sake takawa ba.

Tsohon gidan ne ya yanke magana. Ya tara 'yan'uwa ya lissafa kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce a cikinsu ba wanda ya taɓa zama gurgu. Da ciwon gado ne da an gan shi a gidansu. Mu a nan gado ta wajen uba muke nemansa. Tsaga ta uba ce, gona ta uba ce, tsafi na uba ne, wa zai tsaya duba dangin uwa? Tunda ba gado ba ne, yaro kuma da ƙafarsa ya shiga hannun wanzami, to aska ce. Wasu suka ce na yanke wata jijiya. Wasu suka ce askar babana ce ba ta yarda da ni ba. Nomau bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai aiko aka ce kada in sake zuwa gidansa.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Gidajen ƙetaren tafki suka janye ɗaya bayan ɗaya. Mace ta haihu sai in ji an ɗauko wanzami daga Ɗan Issa, an wuce ta ƙofar gidana da shi a kan jaki. Ga fara ta sauka a daminar ta cinye gero, gidajen da suka rage mini ma ba su da damin da za su aiko. Ga mazan da aka kwashe aikin tilas na hanyar Nasara. Na koma zaman inuwar kasuwa, ina aske masunta su ba ni kifi. Mutum ya zauna gabanka ya ba ka kansa, amma in ka ce yaushe za a yi wa ɗansa, sai ya ce ai yaron bai isa ba tukuna. Ɗarin shekarar ko sau ɗaya ban kwance tsumman askar kaciya ba.

A cikin wannan hali ne na ga Ilu, ƙanen Habu. Ya biyo uwarsa kasuwa, ya zauna a ƙasa yana wasa kusa da inuwata. Da ta kira shi, sai ya juya ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya ɗaga ƙugu sama, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannu har ya miƙe. Ya bi ta da yatsun ƙafa, ciki a gaba, kafaɗu a baya. Na dubi sha-raɓarsa. A lokacin ne maganar uwar yaron Gabi ta dawo mini kalma bayan kalma.

Na tare Dije washegari da hantsi a hanyar gona, tana ɗauke da itace. Bayan gaisuwa na ce, “Dije, yayanki da na aske a Gabi, ina labarinsa?”

Ta sauke itacen a hankali. Ta ce, “Ya daɗe da rasuwa, Wanzam. Tun kahin a kawo ni nan.”

Na ce, “Askar kaciya ba ta taɓa shi ba, ke kin sani. Kuma na ga yadda Ilu ke tashi.”

Ta dubi ƙasa. Sannan ta ce, “Na sani. Kawuna ma, ƙanen innarmu, haka ya yi, ban dai tarad da shi ba. Tun Habu shina rarrahe nike kallon ƙahwarshi ina roƙon Allah. Wanzam, ina da ɗiya mata biyu. In ka hwaɗi wagga magana, tsoho zai sa a kore ni, su kuma ba mai neman su har su tsuhwa. Wa zai ɗauke Habu ya kai shi bayan gida in ba ni nan? Ka ruhe mani asiri kamar yadda babanka ya ruhe.”

Ga abin da zai wanke ni a hannuna, magana ɗaya tak a inuwar kasuwa. Amma a gidan mutane na gan shi, da zabira a kafaɗata. Na taya ta ta ɗora itacenta, na ce ta tafi, ba mai ji daga bakina. Ban taɓa faɗa ba sai yanzu da duk suka riga mu gidan gaskiya. Da daɗewa bayan haka wani ɗan ƙanwata da ya yi aiki wurin likitoci a Maraɗi ya ce mini ai sun san ciwon. Ta jinin uwa yake bi, maza yake kamawa, mace ta ɗauke shi lafiyarta lau ta ba ɗanta. Nama ne yake lalacewa a hankali, ba jijiya aka yanke ba, kuma doguwar kwanciya tana gaggauta zaman yaron da dama yana kan hanya. Amma a lokacin da nake ba ku labari ba wanda zai gaya mana haka.

Abin da ban lissafa ba a hanyar gonar nan shi ne wanda zai biya shirun. Na ɗauka ni ne. Ashe Ilu ne. Muddin aska ce mai laifi, ba mai barin aska ta kusanci ɗan Nomau na biyu, tawa ko ta wani. Tsoho ya rantse a kan haka. Shekarar da sa'annin Ilu suka shiga rumfa, shi yana bakin zana yana jin ƙanshin kaji. Da suka fito da sababbin riguna suka daina wanka da shi a tafki. Suka sa masa sunan da ba zan maimaita ba.

Yaron nan yana da kai, ga baki. Duk ranar kasuwa sai ya lallaɓo inuwata, ko da an hana shi. Ya tsaya yana dafe da ginshiƙin rumfa, don in ya zauna tashi aiki ne. Ya ce, “Baba Wanzam, bana da ni?”

In ce, “Sai abin da babanka ya ce.”

Ya ce, “Ni ba ni tsoro. Ko kuka ba ni yi. In ƙahwa ce, ai da ma ba ta da kirki.”

Masu jiran aski su yi dariya, ni in sunkuyar da kai ina goga aska a fata. Haka muka yi shekara da shekaru. Ina ganin tafiyarsa tana raguwa. Da farko daga bakin kwalekwale har kasuwa yake zuwa ba hutu. Daga baya sai ya tsaya a gindin kowace bishiya. Sai aka koma kawo shi a kan jaki. Sai na daina ganinsa, aka ce mini ya zauna. Ba rumfa, ba kara, ba aska, ya zauna kamar yadda wansa ya zauna.

Nan fa mutane suka fara dawowa. Wanda ya tsallake ƙofata jiya, yau ya zo ya tsuguna ya ce, “Wanzam, Allah ya wanke ka.” Gidajen ƙetare suka aiko da dami har da na shekarun baya. A ɗarin shekarar rumfa biyu na cika. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin dawowar aiki, mai iyali ne ni. Amma duk wanda ya ce mini Allah ya wanke ni sai in ji ɗaci a bakina, don na san da ƙafar wa aka wanke ni.

Nomau shi ne bai zo ba. Tsoho yana raye, ya juya magana ya ce to iskokin gida ne suka yi fushi don ɗansa ya bar yanka musu. Aka yi ta yanka jajayen zakaru, aka sha rubutu ta ɗaya wajen, ba abin da ya motsa. Habu ya rasu, ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi. Tsoho ya bi bayansa ba da jimawa ba. Sai da bazara, zafi ya kai inda ya kai, ana jiran ruwan farko, na ga Nomau tsaye a bakin inuwata da hularsa a hannu.

Ya ce, “Wanzam, na taho in ba ka haƙuri. Mun ɗora maka abin da ba kai ka yi ba.”

Na ce ya wuce, Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Ya ce, “Yaron ga ya hana mu sakat. Ba shi roƙon komi sai abu guda. Ka taho ka gan shi.”

Na bi shi a kwalekwale. Ilu yana jingine da bangon ɗaki, an tokare shi da buhu ta kowane gefe. Ya yi tsawo, murya ta fara buɗewa, hannuwan sun sirance. Dije tana gefe tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da ya ga zabira sai fuskarsa ta washe. Ya ce, “Baba Wanzam, ka taho da ita?”

Na ce askar aski na zo da ita, ga kansa ya yi duhu kamar na mahaukacin kasuwa. Na jiƙa kan, na fara. Ina aski yana magana.

Ya ce, “Yanzu ai ba abin da za ta ɗauke mani. A yi yau.”

Na ce, “Kai Ilu, a wannan zafin? Ka ga ƙudan da ke kan fuskarka? Rauni a bazara ruɓewa yake. Ba a yi sai ɗari.”

Ya ce, “Ni da ba ni hita rana, ba ni gudu? Cikin ɗaki nike wuni.”

Na ce, “Kuma ba a yi wa mutum shi kaɗai kamar mara dangi. Ka bari a kai gero gida, sanyi ya sauka, in sa ka a rumfa da sauran. Kai ne babbansu, kai za ka riƙa tsawata musu.”

Ya yi ɗan tunani ya ce, “Da riga?”

Nomau ya ce da riga, har da hula.

Ba ƙarya na yi masa ba. Ku tambayi duk tsohon wanzamin da ya rage, abin da zai ce ke nan. Haka babana ya koya mini, haka na ga ana yi, kuma na taɓa ganin raunin bazara da idona, ba abin da za ka so wa ɗan mutum ba ne. Ga shi kuma ɗan Nomau ne. In wani abu ya sami na biyu a hannuna, ba ni ba sana'a har abada. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne yadda yake ɗaga kafaɗa kafin ya ja numfashi, da yadda tarinsa ba ya fita, sai ya tsaya masa a maƙogwaro. Dokar ɗari an yi ta ne don yaran da ke da shekaru a gabansu.

Damina ta yi kyau a shekarar. Duk wanda ya ƙetaro daga ƙauyensu sai ya kawo mini saƙo, wai Ilu yana gaishe ni, ya ce gero ya yi kai. Wai Ilu ya ce an fara yanka. Wai Ilu ya ce jiya da safe ya ga hayaƙi a bakinsa. Ni kuma in ce a gaya masa ya ƙara haƙuri kaɗan. Sanyi ya sauka da wuri, kuma a bakin tafki ba wasa yake ba. Amma iyayen sauran yaran suka ce a dakata su gama sayar da gyaɗa, don a sami na kaji da na riguna. Haka ake yi kowace shekara, ban ga abin musu a ciki ba. Na wasa askar, na mayar da ita cikin tsummanta, na tafi zagayen suna da ƙaho a ƙauyukan Ɗan Issa.

Ranar kasuwar da na dawo, da hantsi, ina tsakiyar aske wani masunci, na ga Nomau ya zo ya tsuguna a gefe. Na ɗauka ranar kaciyar ya zo mu tsayar. Na ce masa ya ɗan jira, yanzu zan gama. Ya jira har na goge wa mutumin kai, ya tashi ya tafi.

Na ce, “To, Nomau, an gama da gyaɗa?”

Ya ce, “Jiya da la'asar muka kai Ilu makwancinshi. Ƙirji ne, kamar na wanshi.”

Na yi salati. Aska tana hannuna a buɗe.

Ya ce, “Ba don in tada maka hankali na taho ba. Saƙo ne ya ba ni, na ce zan kawo, ban samu tahowa ba sai yau. Ranar da abin ya tsananta, mun ruhe shi da zane uku shina ta makyarkyata. Ya ce in taho in tambaye ka, ko wanga sanyi ya isa.”

Bai jira amsata ba. Ya miƙe ya sa hularsa ya nufi bakin ruwa. Amma ku zan gaya muku. Sanyin ya isa. Ya isa tun kafin in tafi Ɗan Issa, kuma aikin bai fi a ɗaga ƙwaryar fura a ajiye ba. Jira nake a tara yara gaba ɗaya, kamar yadda aka saba.